Yadda Ake Gane Lissafin Giya a Babbar Mota, Daga Ƙirga Haƙora Zuwa Zaɓen Lamba a Gindin Hawa

Tirelar da ta ɗauko buhu 600 na siminti, idan cunkoso ya tsayar da ita a Ƙofar Ƙaura ta zo tashi, sai injinta ya juya kusan sau 57 kafin tayar baya ta yi cikakken zagaye ɗaya. Idan kuma ta fita gari ta miƙe a hanyar Daura a lambar giya ta ƙarshe, zagaye uku da rabi na injin ya isa ya juya tayar nan sau ɗaya. Injin yana nan yadda yake, lodin ma ko buhu ɗaya bai ragu ba, abin da ya sauya kawai shi ne waɗanne haƙora ne ƙarfin injin ke bi ta kansu a cikin giyabos. Wannan adadi, wato sau nawa mai juyawa zai zagaya kafin wanda ake juyawa ya zagaya sau ɗaya, shi zan riƙa kira rabon giya. A shekarun da na yi ina kwance giyabos a gareji a nan Katsina na lura cewa direbobi da yawa sun san shi da kunne da tafin ƙafa amma ba su san shi da lissafi ba, alhali lissafin bai wuce ninkawa da rabawa ba, kuma wanda ya iya shi yakan san lambar da zai hau tudu da ita tun kafin ya iso gindinsa.

Mataki na farko: a gane cewa musaya ake yi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban injin markaɗe ya riga ya ga rabin darasin. Akwai ƙaramin faifai a bakin injin, akwai babba a jikin abin niƙan, bel ya haɗa su. Ƙaramin yana gudu kamar zai tashi sama, babban yana bi a hankali amma da ƙarfin da zai murƙushe dawa. Idan faɗin babban ya ninka na ƙaramin sau uku, gudunsa zai koma kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin murɗawarsa kuma ya ninku uku. Giya ciniki take yi, a ba ta gudu ta biya da ƙarfin murɗa, ko a ba ta ƙarfin murɗa ta biya da gudu, kuma takan ɗan cire ladanta ta hanyar zafi da gogayyar ƙarfe.

Ƙarfin murɗa shi ne abin da yaron mota ke nema idan notin taya ya ƙi kwancewa ya zura wa sifana dogon bututu ya hau kai. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira Niyuton-mita, kuma injinan manyan motocin da ke yawo a hanyoyinmu sukan ba da tsakanin 1,500 zuwa 2,500. Matsalar injin gas ita ce a ɗan ƙaramin fili yake ba da wannan ƙarfi, galibi daga zagaye 1,000 zuwa 1,500 a minti, wato wurin da aka shafa wa kore a agogon inji, kuma da ya haura 2,000 da ɗoriya ya kai iyakarsa. Injin fetur na ƙaramar mota yana iya aiki daga 1,000 har 6,000, shi ya sa lamba biyar ta ishe shi. Tsohuwar Marsandi 911 ma da lamba biyar ta yi zamaninta, amma lodinta bai kai rabin na tirela ba. Motar da za ta ja tan 45 daga tsaye har zuwa gudun babbar hanya, inji kuma bai fita daga koren nan ba, dole a yanka mata tafiyar gunduwa-gunduwa, zuwa lamba 10 ko 12 ko 16.

Mataki na biyu: a ƙirga haƙora

Ƙa'idar guda ɗaya ce. A ƙirga haƙoran faifan da ake juyawa, a raba da haƙoran faifan da ke juya shi. Idan mai haƙora 15 yana juya mai haƙora 45, an raba 45 da 15 an sami 3, sai a ce rabon uku ne da ɗaya. Idan amsar ta fi 1 an rage gudu an ƙara ƙarfi, idan ta gaza 1 an ƙara gudu an rage ƙarfi. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne juya lissafin, don haka a riƙe cewa wanda ake juyawa shi ke sama.

A cikin giyabos ƙarfin ba ta haɗi ɗaya yake bi ba, ta biyu yake bi. Idan aka ɗaga murfin za a ga shaf uku, wato sandunan ƙarfe masu juyawa. Na farko gajere ne, shi ya fito daga kuloci. A ƙasa ko a gefe akwai na biyu, wanda faifansa suke a kafe a jikinsa suna juyawa tare. Na uku shi ne babban shaf da ke fita baya ya haɗu da farfela, wato doguwar sandar da ke kai ƙarfi aksil na baya, kuma faifan da ke kansa a sake suke, suna juyawa a banza a kan boris har sai sandar giya ta turo wani zobe ya kulle ɗaya daga cikinsu da shaf ɗin. Haƙoran faifan kansu a cije suke da juna kowane lokaci. Ƙarar nan mai tayar da tsigar jiki da ake ji idan ɗan koyo ya kasa saka giya, ta ƙananan haƙoran zoben kullewa ce.

Mu ɗauka faifan shaf na farko yana da haƙora 20 yana juya mai 40 a shaf na biyu, an sami 2 ke nan, kuma wannan haɗin kowace lamba sai ta bi ta kansa. A lamba ɗaya, mai haƙora 15 a shaf na biyu yana juya mai 45 a babban shaf, an sami 3. Ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi, 2 sau 3, rabon lamba ɗaya ya zama 6. Idan a wani haɗin mai haƙora 43 ne ke juya mai 17, amsar kusan 0.40 ce, a ninka da 2 a sami 0.79, wato farfela tana gudu fiye da injin kansa. Akwai kuma lamba guda da ba ta bi ta ƙasa ko kaɗan, inda zoben ke kulle shaf na farko da na uku su zama sanda ɗaya. Rabonta 1.00 ne, ita ce ta fi kowace ƙarancin asara da zafi, domin babu haƙoran da ke ɗauke da nauyi. Ribas kuwa wani ɗan faifai ake cusawa a tsakani ya juya alƙiblar tafiya, kuma haƙoransa ba sa shiga lissafi.

Mataki na uku: a gane yadda lamba huɗu ke zama goma sha shida

Nan ne ɗan koyo ya fi ruɗewa, nan ne kuma ya kamata a daɗe. Giyabos na kamfanin ZF na Jamus mai lamba 16, wanda ake samu a DAF da MAN da Iveco da yawa, a gaskiya akwati uku ne aka jera a gida ɗaya. Na tsakiya lamba huɗu kawai gare shi. A bayansa akwai ƙaramin akwati mai matsayi biyu, wanda ake nuna shi da hoton kunkuru da zomo. A gabansa kuma akwai wani mai matsayi biyu, shi ne rabin giya, wanda ɗan maɓallin da ke jikin sandar giya ke sarrafawa. Huɗu sau biyu sau biyu, 16.

Ga rabon irin wanda lambarsa ta ƙarshe ta gaza 1. A ɓangaren kunkuru, lamba ɗaya 13.80 ce, ta biyu 9.49, ta uku 6.53, ta huɗu 4.57. A ɓangaren zomo, ta biyar 3.02 ce, ta shida 2.08, ta bakwai 1.43, ta takwas 1.00. Mai lura zai ga cewa idan ya raba 13.80 da 3.02 zai sami 4.57, idan ya raba 9.49 da 2.08 zai sake samun kusan haka. Dalili shi ne lamba biyar ita ce lamba ɗaya, faifan nan dai su ne, sai dai an cire musu ninkin 4.57 da akwatin baya ke yi. Rabin giya kuma yana raba kowace lamba da kusan 1.2, sai 13.80 ta koma 11.54, 2.08 ta koma 1.74, 1.00 ta koma 0.84. Akwai ɗan'uwansa da ke farawa daga 16.41 ya ƙare a 1.00, kuma daga waje kusan kamarsu ɗaya, sai an karanta farantin da ke jikin giyabos ake rarrabe su.

Sauran kamfanoni ma kan wannan dabara suke, yankan ne ya bambanta. Giyabos mai lamba 10 da ke cikin Howo da yawa lamba biyar ne sau biyu, babu rabin giya, yana tashi daga wajen 14.28 ya ƙare a 1.00. Na Eaton Fuller na Amurka mai lamba 18 yana kaiwa daga 14.40 har 0.73.

Iska ce ke motsa akwatin kunkuru da zomo, ita ce kuma ke motsa rabin giya. Saboda haka motar da tankin iskarta bai cika ba za ta iya maƙalewa a tsakani, direba ya yi ta kokawa da sanda yana zagin giyabos alhali laifin wani ɗan tiyo ne da ya fashe.

Mataki na huɗu: a haɗa da aksil da taya

Daga giyabos ƙarfi yana bin farfela zuwa kumburin nan mai kama da tulu a tsakiyar aksil na baya. A ciki akwai ƙaramin faifai da makanikai ke kira finiyo, yana juya babba da suke kira kuraun. Idan finiyo yana da haƙora 9 kuraun yana da 37, rabon aksil 4.11 ne, kuma wannan yana kan kowace lamba, ba ya canjawa. Jimillar rabo ita ce ta giyabos sau ta aksil. A lamba ɗaya 13.80 sau 4.11 ya ba da 56.7, a ta ƙarshe 0.84 sau 4.11 ya ba da 3.45, su ne adadin da na buɗe bayani da su. Tifofi da motocin da ke shiga daji da yawa suna da ƙarin ragi a cikin cibiyar tayar kanta, ana gane su da wani ƙullutu da ya turo waje a tsakiyar tayar baya, kuma rabonsu yakan haura 5.

Idan farantin aksil ya goge, alli zai yi aikin. A tsayar da mota a daidaitaccen wuri, a kashe inji, a sa giya a firi, a tokare tayoyin gaba da na ɗaya ɓangaren da manyan katakai gaba da baya, domin sai an saki birkin ajiya kafin tayar ta juyu. A ɗaga tayar ɓangare ɗaya da jek, a sa mata matokari mai ƙarfi, kada a dogara da jek kaɗai. A zana alli a jikin taya, a zana a jikin farfela. Mutum ɗaya ya juya tayar da hannu sau biyu cif, wani ya ƙirga zagayen farfela, abin da ya samu shi ne rabon aksil. Sau biyu ake juyawa saboda ɗaya tayar tana ƙasa ba ta motsi. Wanda ke son amsa mai kaifi ya juya sau 20 ya raba ƙirgensa da 10, idan ya ƙirga 41 ya san 4.11 ne. Wannan hanya ta mota mai aksil ɗaya mai ja ce. A mai aksil biyu akwai wani mai raba ƙarfi a tsakaninsu da zai ɓata ƙirgen, gara a nemi lambobin da aka buga a jikin ƙarfen ko a buɗe a ƙirga.

Saura kewayen taya. A zana alli a gefen taya da ƙasa a wuri ɗaya, a gangara da mota har zanen ya dawo ƙasa, a auna tsakanin zane biyun. Taya mai lamba 315/80R22.5 takan ba da kusan mita 3.3.

Mataki na biyar: a fitar da gudu

A raba zagayen inji da jimillar rabo, a sami zagayen taya a minti. A ninka da kewayen taya, a ninka da 60, a raba da 1,000, a sami kilomita a sa'a. A lamba takwas mai rabo 1.00, inji yana 1,500, an raba da 4.11 an sami 365, sau 3.3 ya zama mita 1,204 a minti, wato kilomita 72 a sa'a. Wannan 72 ɗin a rubuta shi a riƙe, domin daga gare shi ake samun sauran ta hanyar rabawa da rabon kowace lamba. Lamba ɗaya kilomita 5 da ɗoriya, tafiyar ƙafa ke nan. Lamba biyar kusan 24, ta shida kusan 35, ta ƙarshe 86.

Akwai abin lura a nan. Dokar hanya ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a sa'a ko a tagwayen hanya. A wannan gudu motar da muke misali da ita za ta riƙe inji a 1,250 a lamba takwas, a tsakiyar kore, amma idan aka ƙara rabin giya zai sauka 1,050, a bakin gaɓa, inda ɗan tudu kaɗan zai sa ya fara nishi. Ba dole ba ne lambar ƙarshe ta zama ita ce mafi sauƙin shan gas ga mota mai lodi.

Mataki na shida: a san inda allura za ta faɗa kafin a taɓa sanda

A raba rabon lambar da ake ciki da na wadda za a shiga, amsar ita ce tsawon taki. A ZF cikakken taki kusan 1.45 ne, rabin taki kusan 1.2, a Howo mai lamba 10 kuwa kowane taki kusan 1.34 ne. Idan za a hau sama, a raba zagayen inji da takin. Wanda ya canja cikakkiyar lamba a 1,600 zai faɗa wajen 1,100, yana cikin kore. Wanda ya yi gaggawa ya canja a 1,300 zai faɗa ƙasa da 900, inji ya shaƙe, mota ta yi ta karkarwa. Da rabin giya kuwa, daga 1,500 zuwa 1,250 kawai za a sauka. Saboda haka a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ko idan babu lodi, a riƙa tsallake rabi ana ɗaukar cikakkiyar lamba, musamman a ɓangaren kunkuru inda kowace lamba ba ta wuce daƙiƙa kaɗan. Rabin giya amfaninsa yana sama, daga lamba shida zuwa takwas, da kuma a kan tudu.

Giyabos irin na ZF yana da zoben da ke daidaita gudun faifai da na shaf kafin a kulle, don haka taka kuloci sau ɗaya ya isa, a tura sanda a riƙe ta da matsakaicin ƙarfi har ta shige da kanta. Na Eaton Fuller da wasu na Howo ba su da shi a babban akwati, direba ne zai yi daidaitawar da ƙafarsa, shi ya sa ake taka kuloci sau biyu. Wajen hawa sama, a taka a fitar zuwa firi, a saki kuloci, a bar allura ta sauko inda lissafi ya nuna, a sake takawa a saka. Wajen saukowa, a fitar zuwa firi, a saki kuloci, a ba da totur har allura ta hau inda ya kamata, sannan a taka a saka. Idan ana 1,100 kuma taki 1.34 ne, wajen 1,470 ake nema. Sakin kuloci a firi shi ne zuciyar aikin, domin shi ke sa shaf na biyu ya bi gudun inji. A motocin Amurka kada a kai kuloci har ƙasa ana tafiya, akwai ɗan birki a ƙarshen takun da aka yi shi don saka giya a tsaye, kuma taka shi ana gudu yana cinye shi.

Batun lambar tashi ma lissafi ne ya yanke shi. Idan inji yana salo a 700, wato yana aiki ba a taɓa totur ba, lamba ɗaya tana daidai da kilomita 2.4 a sa'a, lamba huɗu kuwa 7.4. Kafin mota ta kai wannan gudu farantin kuloci zamewa yake yi, kuma zafin da yake sha yana ninkuwa ne da gudun sau kansa. Gudun ya ninku uku, zafin ya ninku tara. Direban da ke tashi da cikakken lodi a lamba huɗu don ganin ya rage wa hannunsa aiki, shi ne wanda warin ƙonannen kuloci ke riga shi shiga gareji. Da lodi a tashi a ɗaya ko biyu, ba tare da danna totur ba har sai kuloci ya gama kamawa.

Mataki na bakwai: hawa da gangara

Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, daga Katsina zuwa Jibiya ko daga Daura zuwa Kazaure da wuya mutum ya gamu da tudun da zai gwada shi. Wannan ne ma ya sa yaranmu da suka koyi tuƙi a nan sukan sha mamaki ranar da aka fara tura su Hawan Kibo a hanyar Jos, ko tuddan Okene.

Mu ɗauka injin yana ba da ƙarfin murɗa na Niyuton-mita 2,000. A ninka da 4.11, a raba da rabin tsayin taya, wato kusan mita 0.525, a sake rabawa da kusan 10,000 don a mayar da amsar tan, za a ga cewa a lamba mai rabo 1.00 tayoyi suna tura mota da ƙarfin da ya kai kusan tan 1.6. A lamba bakwai tan 2.3, a shida da rabi 2.8, a shida 3.3, kuma a cire wajen kashi ɗaya cikin goma na asara. Buhu 600 masu kilo 50 tan 30 ne, a haɗa da nauyin motar kanta a ce 45. Tudun da ke hawa mita 5 a kowace mita 100 yana jan motar baya da kashi 5 cikin ɗari na nauyinta, tan 2.25, ga kuma gogayyar tayoyi da kwalta da ta kusa rabin tan. Ana bukatar wajen 2.7 ke nan. Lamba bakwai ba za ta iya ba, shida da rabi ma za ta gaza da kaɗan, lamba shida ce za ta hau, a gudun kilomita 30 zuwa 35. Danna totur har ƙasa a lamba takwas ba zai ƙara ko kilo ɗaya a kan abin da lissafi ya bayar ba.

Saboda haka a fara saukowa tun allura tana wajen 1,200, kada a jira ta faɗi ƙasa da 1,000. A kan tudu mota tana rasa gudu a cikin daƙiƙa biyun da ake canji, don haka idan tudun ya yi tsauri a sauko cikakkiyar lamba maimakon rabi, wani lokaci ma ɗaya da rabi. Wanda ya yi jinkiri zai riƙa bin motar a baya, kowace lamba ya saka ya tarar ta riga ta yi mata yawa, har ta tsaya masa a tsakiyar hawa yaron mota ya diro da katako.

Gangara ta fi haɗari. Rabon da ke ninka ƙarfin inji shi ne kuma ke ninka riƙonsa, don haka a gangara da lambar da aka hau da ita ko wadda ke ƙasa da ita, kuma a saka ta tun a saman tudu. A kunna birkin inji, wato abin da ke toshe hanyar hayaƙi, wanda a wasu motoci da diddigen ƙafar hagu ake taka shi, a bar allura ta hau sama da kore domin can ne riƙon ya fi ƙarfi, amma kada ta taɓa ja. Idan lodi ne ke tura inji, na'urar da ke ƙayyade gudunsa ba ta da yadda za ta yi. In allura ta matso ja, a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a rage gudu sosai sannan a saki, maimakon a ɗora ƙafa a kai har gangar birki ta yi zafi birki ya daina ci. Saka firi a gangara don tsimin gas kuwa, a ganina, babu ɗabi'ar da ta kai ta muni a wannan sana'a, domin inji ya daina riƙo, famfon iska ya koma jinkiri, kuma gudun zai wuce inda wata lamba za ta karɓa.

Haɗari na ƙarshe shi ne faɗawa ɓangaren kunkuru ana gudu. A kilomita 60, lamba huɗu za ta nemi inji ya juya wajen 5,700 a minti, kusan ninki uku na iyakarsa, kuma farantin kuloci yana iya tarwatsewa tun ƙafa ba ta saki ba. A motar misalinmu, sai gudu ya sauko wajen kilomita 20 ake komawa kunkuru.

Kafin a sayi aksil ko giyabos na hannu

Wata rana an kawo mana tirela mai aksil biyu masu ja, mai ita yana kukan cewa tun da aka canja mata kuraun da finiyo na aksil ɗin baya da wani na hannu da aka sayo a Kano, tulun gaba yake zafi har ba a iya ɗora hannu, man ciki kuma ya koma baƙi yana wari. Na kira yaron da ya je sayen na tambaye shi ko ya ƙirga haƙora. Ya ce, "Wallahi Oga na ƙirga, talatin da bakwai ne duk biyun." Na ce, "To finiyon fa, nawa ka samu?" Sai ya sunkuyar da kai. Da muka kwance muka tarar na gaba 9 ne, sabon kuma 8. Aksil ɗaya 4.11, ɗaya 4.63, bambancin kashi 12 da rabi cikin ɗari, kuma ɗan faifan da ke raba ƙarfi tsakaninsu, wanda aka yi shi don ya ɗan motsa a kwana, shi ya yi ta juyawa ba hutu tun daga Kano har ya cinye kansa.

Don haka a ƙirga duka biyun, a duba lambobin da aka buga a goshin finiyo da gefen kuraun, kuma kada a haɗa kuraun na wani da finiyo na wani ko da adadinsu ya zo ɗaya, domin tare ake gyara cizonsu a masana'anta. Tayoyin aksil biyun ma su kasance tsayi ɗaya, saboda sabuwar taya a wannan da suɗaɗɗiya a wancan ƙaramin nau'i ne na wannan cuta. Wanda zai canja giyabos ya karanta farantinsa ya ga a 1.00 ya ƙare ko a 0.84, domin idan aka sa mai 1.00 a motar da aka tsara aksil ɗinta don mai 0.84, gudun da a da ake yi a 1,260 sai ya nemi 1,500. Idan kuma motar ta mutu a hanya za a jawo ta zuwa gareji, a kwance farfela tukuna, domin idan inji ba ya aiki shaf na biyu ba ya juyawa, mai ba ya hawa sama, babban shaf kuma zai yi ta gudu a kan busasshen boris tun daga Mashi har Katsina.